Ranar da Na Kama Sunan Ɗan Farina a Kotu

Ku matso kusa, ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da su. Mai tauna goro ya tauna a hankali, mai goyo ta jijjiga. Abin da zan faɗa a kaina ya faru, kuma faɗa nake ana rubutawa, don ni tun da nake ban taɓa riƙe biro ba sai in zan sosa kunne.

Ni ce tsohuwar nan ta Sakwa da hukuma ta tuhuma da watsa hotunan tsiraici a waya. Ni, da jikoki goma sha, da haƙoran da ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Wanda ya ji labarin a kasuwar Azare ya ji shi da ƙari, to ga shi daga bakin mai shi.

Sai na fara da ɗan farina, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. Uwata Bafulatana ce, kuma a gidanmu kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Tun ranar suna ban kama sunansa ba. Da aka yaye shi uwar mijina ta ɗauke shi. In ya faɗi a gabana sai in dubi bango har wata ta zo ta ɗaga shi. In baƙuwa ta ce ɗan wa ne, sai in ce na gidan nan ne. Ko wani ne can daban mai irin sunansa, mai sayar da gishiri ko direba, sai dai in ce "mai sunan wancan". Haka muka yi shekara hamsin da 'yan kai, ni da shi, kuma ba ƙiyayya ba ce. In ya yi zazzaɓi ni ma ba na iya cin tuwo, sai dai ba wanda zai sani.

Wancan ɗin ya yi boko, ya zama babba a wani ofis a Azare, ba zan ce wanne ba. Farar riga, hula a karkace, sahun farko. In ana walimar aure shi ake ba abin magana, kuma wa'azinsa ɗaya ne kullum: waya ta lalata 'yan mata, iyaye ku sa ido. Mata su yi ta gyaɗa kai a bayan labule.

Shekarar da aka ce kowa ya haɗa layinsa da katin ɗan ƙasa, sai ga shi da kansa a mota har Sakwa, mutumin da sai da Sallah muke ganin ƙeyarsa. Ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce, "Inna, ya kamata a ce kina da waya. Ɗauko katinki mu je." Muka je Azare, wani shago kusa da kasuwa. Aka ɗora babban yatsana a kan wani ɗan gilashi mai wuta, aka ɗauki hotona. Aka sake ɗora yatsan, aka sake hoton. Na ce wa mai shagon, don shi nake iya yi wa magana kai tsaye, me ya sa sau biyu? Kafin ya buɗe baki wancan ya ce na ƙifta ido ne a na farko. Ya saya mini balangu, ya ba ni 'yar waya mai maɓalli, ya nuna mini kore in danna in ta yi kuka. Na koma gida na yi sati ina nuna wa mata. Ashe layi biyu aka yi da yatsana. Ɗaya ya biyo ni Sakwa, ɗayan ya zauna a aljihun farar riga.

Damina biyu ta wuce. Wata rana da hantsi ina ɓare gyaɗa a tsakar gida sai ga sallama, ɗan sanda namiji ya tsaya a zaure, ta mace ta shigo. Yarinya ce mai ladabi, har ƙasa ta gaishe ni. Ta karanto wata lamba ta ce ni ce mai ita? Na ce, "'Yar nan, ni lambar da na sani ita ce ranar kasuwa." Ta fito da takarda, ga hotona a jiki da mayafina mai ruwan ƙasa, idona a buɗe tar, ban ƙifta komai ba.

Ta yi ta juya magana a baki kafin ta iya faɗa. Wata mai ɗinki ce a Azare, bazawara, ta kai ƙara. An ɗauki kanta daga wani hoto an ɗora a kan jikin wata mace tsirara, an tura wa jama'a a waya, an kuma yi ta aika mata saƙo cewa in ba ta sauko ba za a ƙara. Da hukuma ta bi sawun layin sai ya kawo su gindin tukunyata. Na ce innalillahi. Na ce yanzu har kan mutum ake cirewa yana raye yana ɗinkinsa? Ta ce ana yi, Iya. Na wanke hannu, na ɗauki mayafi, na shiga motarsu, duk unguwa na leƙe ta saman danga.

Kafin la'asar wancan ya iso ofishin 'yan sanda, riga na tashi kamar za ta ɗauke shi sama. "Uwata! Uwata kuka kamo! Wane marar tsoron Allah ne ya yi wa tsohuwa wannan?" Har da buga tebur. Shi ya tsaya mini beli, ya sa hannu da wani dogon zane. 'Yan sanda har suna ba shi haƙuri.

Washegari ya kai ni wurin lauya. Ofishin yana saman wani shagon katifa, littattafai jere a bango masu kauri kamar tubali, ƙura ta yi musu hula. Lauyan gajere ne mai tumbi, baƙar kwat a tsakiyar bazara, yana magana yana tsoma Turanci kamar mai jefa ƙuli a miya. Ya kira ni Hajiya, ni da ko Kano sau ɗaya na je.

Ya miƙo mini wayarsa, irin mai faɗin nan da ake shafawa. Ya ce, "Hajiya, buɗe mini." Na karɓa na riƙe, ashe kanta a ƙasa na riƙe. Mutumin nan ya tashi tsaye yana tafi. "Alhaji, mun gama! Wannan ita ce kariyarmu! Mai shari'a na ganin wannan za ta kore ƙara." Ban taɓa ganin wanda jahilcina ya faranta wa rai haka ba.

Sannan ya zauna ya yi bayani. Ya ce a irin wannan shari'a layi ba shi ne mutum ba. Sai masu ƙara sun nuna hannun da ya danna. Mu aikinmu mu nuna hannuna ba zai iya ba, shi ke nan. In sun ce to hannun wa ne, wannan ba ruwanmu, su je su nemo. Ya dubi takarda ya ce, "Amma za su tambaya. Ranar da aka yi rajistar nan, Hajiya, wa ya kai ki?"

"Ta manta," in ji wancan. Da sauri ya faɗa, kamar wanda ya taka garwashi.

Lauya ya ɗaga kai ya dubi fanka, fankar da ba ta juyawa. Ya daɗe yana dubanta. Ya ce, "To, ta manta." Ya rubuta.

Ni ban manta ba. Har ɗanɗanon balangun ina ji, yaji ya yi masa yawa. A kujerar nan na gane, kuma da na gane ban dubi wancan ba, don dama ba na dubansa. Na dubi bango kamar yadda na saba.

Sati uku suna koya mini shari'a. In an tambaye ni in ce ban sani ba. In an sake tambaya in ce ban ji ba. Lauya ya ce in ƙara kurumta a kan wadda Allah ya ba ni, in riƙa lalube kamar idona ya tafi. Ya ce ina sandata? Na ce ba ni da sanda, da ƙafata nake zuwa gona. Aka aika kasuwa aka sayo mini sabuwa fil, har da roba a gindi. Kullum sai ya miƙo wayar nan ya ce mu gwada, ni kuwa in karɓa.

Ana cikin haka na koma Sakwa kwana biyu, na tarar maƙwabciyata ta rasu. A unguwarmu shekara talatin ni ke wankan gawar mata. Na ɗaura zane na nufi gidan, sai 'yar mamaciyar ta tare ni a zaure, ba ta dubi idona ba, ta ce an riga an kira wata daga gaba. Na ji wata daga ciki tana cewa hannun da ya taɓa waɗancan hotunan ba zai taɓa uwarsu ba. Na yi musu gaisuwa na juya. Matar nan tare muka zo garin muna amare.

A ranar ne ƙanena ya zo. Shi ne babban namiji da ya rage a gidanmu, kuma tun yana yaro in zai roƙi abu sai ya fara da yabon abincin mutum. Ya yaba kunu, ya yaba har ludayin, sannan ya ce, "Yaya, ke tsohuwa ce. Ba alƙalin da zai ɗaure tsohuwa. Za a yi dariya a sallame ki, magana ta mutu. Shi kuwa aikinsa, da 'ya'yansa mata uku da ba su yi aure ba."

Na ce, "Ashe ka sani."

Ya ce, "Ni ban san komai ba. Cewa na yi a rufa."

Na ce, "Ita mai ɗinkin da me za a rufe ta?"

Ya ce, "Bazawara ce, Yaya, za ta warware." Ya kurɓi kunu. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, "Kuma ma ko kina so, ta ina za ki fara? Ke da ko mai gishiri ba kya iya kira."

Wannan dariyar na sake ji a Azare ana jibi shari'a. Na fita alwala a bayan ofishin lauya, da na dawo ina kan matakala sai na ji muryar wancan ta taga. Lauya na cewa yana tsoron kada tsohuwa ta ɓalle a gaban mai shari'a. Wancan ya yi dariya ya ce, "Barista, kwantar da hankalinka. Ba ka san irin mutanenmu ba. Ko wuƙa aka sa mata a wuya ba za ta kama sunana ba. Ba ta taɓa ba."

Na tsaya da buta a hannu. Kunyar da na yi masa shekara hamsin, wadda uwata ta yi wa yayana, wadda kakata ta yi wa nata, ashe shi kwaɗo ya ɗauke ta, ya rufe ƙazantarsa da ita ya sa makulli a aljihu. Tun ranar da ya zo da mota ya lissafa da ita. Na shiga na zauna, lauya ya miƙo waya, na karɓa.

Ranar shari'a muka je da wuri. A barandar kotu wata mace ta taso daga benci, siririya, baƙin hijabi, zare ja maƙale a hannun rigarta ba ta ma sani ba. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ina kwana. Ni ce mai ƙarar. Na san ba ke ba ce."

Na ce ta tashi. Ta zauna kusa da ni ta faɗa mini a hankali. Ɗinkin Sallar iyalinsa wancan ya kawo mata, daga nan ya ce yana so, ta ce tana da wanda suka yi magana. Ya dawo, ta sake cewa a'a. Bayan wata biyu hotunan suka fito. Wanda zai aure ta ya janye. Masu kawo ɗinki suka aiko yara karɓar yadinsu ba a ɗinka ba. 'Yarta ta daina zuwa Islamiyya saboda abin da ake ce mata. Ta ce ta faɗa wa 'yan sanda wanda take zargi, suka ce zargi ba hujja ba ne, takarda sunana ta nuna. In aka sallame ni ba a samu kowa ba, gari zai ce dama ita ta ɗauki abinta. Ba ta roƙe ni komai ba. Ta gyara mini bakin mayafina da ya karkace, ta koma bencinta.

Mai shari'ar mace ce, da tabarau a kan hanci, ba ta kai 'yata ta uku ba. Kotu ta cika, don labarin tsohuwa mai hotuna ya fi wasan kwaikwayo jan jama'a. Wancan yana benci na biyu cikin masu fararen riguna, abokansa na ofis da suka zo taya shi jimami, carbi a hannu.

Lauya ya tashi ya yi ta zuba, gumi na bin wuyan kwat. Ya ce a dubi wannan baiwar Allah, ba ta ji, ba ta gani, ba ta san alif ba balle boko. Ya zaro wayarsa ya ɗaga sama kowa ya gani, ya miƙo mini ya ce, "Hajiya, buɗe wa kotu." To sati uku ana miƙo mini abu ɗaya, ko akuya ce ta gane sama da ƙasa. Na karɓa daidai, na shafa da yatsa yadda na ga yana yi, ta kawo haske, ga hoton matarsa. Kotu ta kwashe da dariya. Wallahi ban yi da gangan ba, hannu ne ya koya. Lauya ya fizge wayarsa ya ce sa'a ce.

Sai ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya tashi. Ya ce, "Iya, wa ya kai ki rajistar layi?" Lauya ya yi tsalle ya ce bai yarda da tambayar ba. Mai shari'a ta ce ya zauna. Ta cire tabarau ta ce da ni, "Inna, ba wanda zai matsa miki. In kin sani ki faɗa, in ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba. Amma kin yi rantsuwa."

Na ɗaga hannu na nuna benci na biyu, idona a ƙasa. Na ce, "Wancan mai farar rigar."

Ta ce, "Inna, masu farar riga shida nake gani, kuma biro ba ya rubuta nuni."

Na ce, "Wanda ya tsaya mini beli."

Na ɗauka na gama, na fita da kunyata a hannu. Sai lauya ya miƙe. Ya ce ya mai girma mai shari'a, ai ga abin da yake faɗa tun ɗazu. Tsohuwa ta rikice. Ba ta san wanda take nunawa ba, ba ta bambance beli da rajista, ga sandarta nan shaida, ko ɗan da ta haifa aka tsayar a gabanta ba za ta iya cewa ga sunansa ba. Ya juya ya ce, "A tambaye ta mana! Ta faɗi sunan!" Yana faɗa yana murmushi, don an tabbatar masa.

Na jingine sandarsu a jikin akwatin da nake tsaye. Na juya na dubi ɗana, ido cikin ido, abin da ban taɓa yi a gaban mutane ba. Ya yi furfura a gemu, ban san yaushe ba. Sunan ya yi mini nauyi a harshe kamar kalmar wani yare, sai da na juya shi sau biyu a ciki. Sannan na kira shi, da ƙarfi, yadda ake kiran yaro daga bakin rijiya, na haɗa da na ubansa.

Ya miƙe tsaye. Carbin ya faɗi. Ya ce, "Na'am, Inna."

Ba wanda ya yi dariya. Shi kansa sai da ya faɗa ya ji abin da ya faɗa. Ya tsaya hannu a sake, ƙaton mutum mai furfura, yana kallona kamar yana jira in aike shi. Na ce, "Ranki ya daɗe, shi ya kai ni. Sau biyu aka ɗora yatsana. Waya ɗaya aka ba ni. Ranar Talata na haife shi, ana ruwa, kuma hankalina ɗaya." Mai shari'a ta mayar da tabarau ta rubuta. Ta daɗe tana rubutu.

Ga yadda kowa ya ƙare.

Wayar ta biyu a motarsa aka same ta, ƙarƙashin tabarmar salla. Shari'arsa ta ci fiye da shekara ana ɗagawa. Lauyan nan dai shi ya kare shi, da sabuwar kariya: wai wasu ne daga wata ƙasa suka shiga wayar ta iska suka yi aikin, don su ɓata sunan mutumin kirki. Mai shari'a ta tambaya ko su ne kuma suka kai ɗinkin Sallah. Aka yanke masa zaman gidan yari, ya yi, aikin ofis ya tafi. Yanzu yana sayar da takin zamani a wani ɗan shago, kuma a masallaci ya koma sahu na huɗu, kusa da takalma. Ba a ba shi abin magana a walima.

Lauya ya sake allon ƙofarsa da wanda ya fi girma. Na ji yana gaya wa mutane cewa shi ne ya wanke tsohuwar Sakwa a zama ɗaya, kuma in an duba ba ƙarya ya yi ba.

Mai ɗinki tana nan a Azare. Wasu masu kawo ɗinki sun dawo, wasu kunya ta hana su. Ta ce har yau hoton kan ɓullo a wayar wani, sai a goge, sai ya ɓullo a ta wani. Wanda ya janye ya dawo da goro, ta ce ya kai gaba. 'Yarta ta sauke Alƙur'ani bara.

Ƙanena ya yi damina biyu bai taka gidana ba. Ya ce shi hotunan ba su ba shi kunya kamar yadda na ba shi ba, wai a zuriyarmu ba a taɓa samun uwar da ta kama sunan ɗan fari a bainar jama'a ba. Na aika masa cewa a zuriyarmu ba a taɓa samun ɗan farin da ya kai uwarsa kotu ba, ya haɗa ya auna. Azumin da ya wuce ya zo, ya yaba kunu.

Matan Sakwa sun kasu biyu a kaina, kuma waɗanda suka fi zagina su ne waɗanda 'ya'yansu maza ke da manyan wayoyi.

Babbar 'yar wancan ta yi aure bana. Ba a gayyace ni ba. Bayan sati sai ga ta a kan acaɓa ita da angon, ƙura har gira, ta ce a tuƙa mata tuwon dawa da miyar kuka, na birni ya ishe ta. Ta ci malmala biyu. Ba ta ce komai a kan ubanta ba, ni ma ban ce ba.

A nan na ajiye. Wanda ya ga ƙarya a ciki ya zo Sakwa ya same ni, gida na uku bayan rijiya, ba na zuwa ko'ina.